Rawayar Kawu

Kawuna mai zane ne. Daga Damagaram ya zo Arlit tun garin yana sabo, kuma rabin bangayen garin nan hannunsa ne: shagon aski, gidan abinci, bayan kamyo, wato babbar motar kaya. Har Akokan ana aiko masa. Raƙuma yake zanawa, da duwatsu, da mata a bakin rijiya. Ni ban yi nisa a karatun lakkwal ba, direba na zama, amma na san rawayarsa ba irin ta kowa ba ce. Rana ba ta cin ta.

Ba ya sayen ta a kanti. Ƙasa yake ɗebowa can bayan wayar shingen kamfani, inda ake zubar da ragowar abin da aka haƙo daga ramin uraniyom. Ya tankaɗe, ya dama da ƙaro. In bakin burushi ya baje, sai ya sa a leɓe ya tattara shi.

Na ce, "Kawu, kai komai sai ka lasa?"

Ya ce, "Ji ɗan nema. Kai da ba ka san komai ba sai sitiyari. Ƙasar Allah ce."

Da aka yi mini haihuwar fari, ya zana mana bangon ɗakin yara: tudun rairayi da rana tana faɗuwa. Duk rawaya. Yara huɗu sun yi barci a jikin bangon nan. Autar ma kankarar shi take da farce tana ci, muna dariya.

Tari ya kashe Kawu. Aka ce taba ce. Mutumin da ko warinta ba ya so.

Bara wasu mutane suka shigo unguwa da na'ura kamar rediyo, suna bi gida-gida suna auna tukwane da ƙofofin ƙarfe, wai ko akwai gubar ramin a jikinsu. Tukwanenmu lafiya. Za su fita ke nan, ɗaya ya leƙa kallon zanen, na'urar tana hannunsa. Sai ta fara ƙar-ƙar-ƙar, ba tsayawa.

Ya ce, "Malam, wa ke kwana nan?"

Na nuna masa yaran.

Ya ce, "Kada ka kankare, ƙurar ta fi muni. Za mu dawo."

Har yau. Na sa wa ɗakin kwaɗo, muka cunkushe mu shida a ɗaki guda. Ba ni da inda zan koma, kuma ba zan sayar wa wani musulmi da wannan bango ba.

Autar tana ramewa tun azumi. Uwarta ta ce a kai ta a auna jininta. Sau biyu ina ɗaukar ta a babur har bakin ƙofar likita. Sai tsoron abin da za a faɗa mini ya hana ni shiga, na saya mata lemo, muka juyo gida.