Ledata a Cikin Saniyar Inna Hajo

Har gobe ban manta da ranar da aka farke cikin saniyar Inna Hajo a gabana ba. Farkon shekarun dubu biyu ne, ina sabon malamin dabbobi a Adabka, mai allurar shanu ke nan, ƙarƙashin likitanmu da ke Gummi. Takardar makaranta ta fasa mini kai, ko gaisuwa da ƙyar nake amsawa.

Da rani ya tsananta aka aiko mana gishirin lasa mu raba wa makiyaya. Na ƙulla shi leda-leda, kowace na rangaɗa mata sunan mai ita da jan alƙalami, na ɗaure a babur sai rugar Arɗo Buba. Arɗo ya fito da burgaminsa, jakar fatar akuya da yake zuba kanwa, ya ce in juye masa a ciki in koma da ledojina. Nan fa ilimi ya motsa. Na tara mutane na ce kalmar leda daga Turanci ta zo, ma'anarta fata, don haka ita ma burgami ce, sai dai ta zamani: ba wari, ba nauyi, ba jima. Har ɗaga ta nake yi sama ina kaɗawa. Arɗo ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malam." Na raba gishirin a ledojinsa na tafi.

Bayan mako uku aka kira ni rugar. Saniyar Inna Hajo ta daina ci, ta daina tuƙa, ciki ya yi tauri. Tsohuwar nan mijinta ya rasu, kuma saniyar kaɗai take tatsa ta ciyar da jikokinta. Kwana uku ina ɗirka mata maganin tsutsa, a banza. Dole na ɗauko Likita.

Ya taɓa cikin ya ce sai an yi aiki. Aka kayar da ita a inuwa, ya tsaga, ya zura hannu ya jawo wani dunƙulen leda mai ɗoyi. Ya ce dabbar rani in ta ji gishiri a jikin abu, haɗiye shi take yi. Da aka ɗauraye, sai ga ragowar jan rubutu a jikin ɗaya. Hannuna ne, ko makaho ya shafa ya gane. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Likita ya tambayi wanda ya kawo wannan shara ruga. Can Arɗo ya ce iska ce. Na kasa jurewa, na ce, "Yallaɓai, ni ne iskar."

Ashe tun ranar da na tafi Arɗo ya sa mata suka tsince ledojin suka ƙone, kaɗan suka kuɓuce masu. Na tambaye shi me ya hana shi tsawata mini tun farko. Ya ce, "Kai baƙo ne, kuma gaban jama'a kake magana. Mi za ni ce?"

Saniya ta rayu, amma nono ya ƙafe har ta sake haihuwa. Inna Hajo ba ta taɓa yi mini zancen ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ku da za ku shiga ruga, ku sani makiyayi ba ya ƙaryata ma'aikaci a bainar jama'a. In ya ce maka to, ka ja shi gefe ka tambaye shi abin da ya gani. Ni ban tambaya ba, jikokin wata suka yi damina guda ba nono.