Birki Kafin Inji

Rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara.

Jiya jikana Hamman ya tayar da tsohuwar jif ɗin kakansa, wadda ta shekara tara a bayan gidanmu na Jambutu kaji na ƙwai a cikinta. Da warin baƙin mai ya shigo ɗaki, sai kuka ya ƙwace mini.

Marigayi ba ya taɓa inji sai ya gama da birki. Yakan ce, "Mota, koya mata tsayawa kafin gudu." Ni yake zaunarwa a kujerar direba, shi yana kwance a ƙarƙashi, ƙafafunsa kaɗai nake gani. "Taka! Riƙe! Saki!" Haka har cinyata ta yi tsami, man birki na ɗiga cikin gwangwanin madara. Da birkin ya yi tauri, ya fito fuska duk tsatsa, ya ce, "Yau kin zama direba."

Na tambayi Hamman birki. Ya yi dariya. "Dada, me kika sani a mota? Gobe zan kai ta Damare."

Na hau, na taka. Ƙafata ta nutse har ƙasa.

'Ya'yan da marigayi ya ciyar da sufana, babu wanda ya tsaya ya koya, balle ya koya wa yaron. Ni aka bari.

Makullin yana ƙulle a bakin zanena. Hamman ya daina gaishe ni. To, ya daina ɗin. Gawa ɗaya aka fitar daga gidan nan, ta ishe ni.

Allah ya haskaka kabarinka, Malam. Yaron nan kuma, Allah ya sa ya kwanta a ƙarƙashinta ya ce mini, "Taka."