Huɗu, Ban da Direba

Duk wanda ya taɓa tsayawa tashar Madarunfa yana neman motar Maraɗi ya san motar Illo. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin gaba, irin wadda a da sai manyan ma'aikata ake gani a cikinta. Ta tsufa, fentin bayanta ya fara ɓamɓarewa, amma in ka zauna a kujerarta sai ka ji kamar an ajiye ka bisa sabuwar katifa. Tana faɗa wa rami ta fito ba ka sani ba. Kilim ɗinta na hura sanyi ko a tsakiyar bazara. Kuma mutum huɗu take ɗauka, ɗaya gaba, uku baya. A kan huɗun nan ne Illo ya rasa layinsa a tasha har wata biyar.

Illo mutumin Safo ne, aure ya zaunar da shi Madarunfa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa kamiyon, babbar motar kaya, ta wani ɗan kasuwa, wake da albasa zuwa kudu, siminti da shinkafa a dawowa. Abu biyu ya fito da su daga aikin: ɗan abin da ya tara, da ƙugun da ya lalace. Ranar da likita ya ce ya bar babbar mota, a motar layi ya dawo gida, rabin jikinsa bisa kujera rabi bisa birkin hannu, wani ƙato ya danne shi da kafaɗa. Da suka iso sai da mutum biyu suka ciro shi. Dangi suka ba shi shawarar ya sayi amalanke da shanun noma. Ya saurare su, ya yi godiya, ya tafi Kwatano da kansa, ya dawo da wannan baƙar mota.

Ƙa'idar tashar ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. Ƙaramar mota mutum shida ne: biyu gaba, huɗu baya. Ranar kasuwa har na bakwai akan cusa kusa da direba, ya riƙa tuƙi kafaɗa ɗaya a waje. Sabuwar mota in ta zo, garajin Abdul Azizu take fara zuwa. Ya ɗaga mata baya, ya cusa guntayen tsohuwar taya cikin rasor, ƙarfen da ke riƙe nauyin mota, don ta jure lodi, ya cire murfin kofur, wurin kayan baya, don a ɗaure buhuna har sama. Abdul Azizu ya zagaya motar Illo sau biyu yana shafa ta, ya ce kwana ɗaya ya ishe shi. Illo ya ce mai ya zo canzawa, ba kaciya ya kawo ta ba.

Ɗanjuma, tsohon ɗan kamashon tashar, shi ke rubuta sunayen direbobi da alli a allon da ke jikin biro, ofishin sandika, ƙungiyar direbobin. Wanda sunansa ke sama shi ke lodi. Ranar farko da layi ya zo kan Illo, Ɗanjuma ya zuba mutum huɗu, ya kamo hannun na biyar, sai ya ji an kulle ƙofa daga ciki. Illo ya sauke gilashi ya nuna masa bel ɗin kujeru. Ya ce wanda ya ƙera motar guda biyar ya sa, ɗaya nasa ne, saura huɗu. Ya ce shi ya yi shekara talatin yana lodin buhu, ya san buhu, ya kuma san mutum. Fasinjojin suka yarda kowa ya ƙara ɗan abu a kan kuɗin mota, aka tafi.

Da farko dariya aka yi masa. Ɗan Baba, shugaban sandika da ake kira Farzidan, taubashinsa ne, tun suna yara suke zagin juna. Shi ya raɗa masa suna Gwamna. In Illo ya shigo tasha sai ya miƙe ya sara masa, ya ce a ba Gwamna hanya, ya zo ɗaukar ministocinsa huɗu.

Ba a yi wata uku ba dariya ta ƙare. Tsofaffi masu ciwon gwiwa, mata masu ciki, waɗanda aka yi wa aiki za su koma ganin likita, duk suka gane motar. Sai su zo tun da safe su zauna a benci. Ɗanjuma ya yi ta kiran Maraɗi, Maraɗi, su ce a'a, Illo suke jira. Daga baya har masu lafiya suka shiga jiran. Mota tana kan layi da mutum huɗu, ga mutum shida a benci sun ƙi tashi, direba na cizon leɓe a rana.

Aka kira taro a biro. Direbobi suka yi ta magana, wasu da gaskiyarsu: isansi, man mota, ya yi tsada, taya ta yi tsada, mai ƙaramar mota in ya ɗauki huɗu iyalinsa ba za su ci ba. Illo ya ce bai hana kowa ɗaukar goma ba, motarsa kawai yake magana. Ɗan Baba ya jawo shi gefe ya sassauta murya.

"Gwamna, kar ka kunyata ni gaban mutane. Ka ce shida, ko da baki ne. In ka fita gari ka yi abin da kake so."

"In na ce shida, shida zan ɗauka," in ji Illo. "Ni kuma ba ni ɗauka."

Ɗan Baba ya koma ya yanke hukunci: ko shida, ko a bar layi. Ɗanjuma ya lashi tafin hannunsa ya goge sunan Illo daga allo.

Illo ya koma gindin wata bishiyar bedi a bakin hanyar fita gari, ya buɗe ƙofofi huɗu ya zauna. Makon farko mutanensa suka bi shi. Sai sandika ta aika da magana cikin gari: duk wanda aka gani a baƙar mota, ranar da ba ta nan kada ya zo tasha. Mota ɗaya ce, tasha kuwa kullum tana nan. Mutane suka ji tsoro. Wasu in sun zo wucewa sai su kau da kai kamar ba su san shi ba. Akwai ranakun da tun safe har la'asar bai ta da injin ba, sai dai ya wanke ta, ya goge gilashi, ya koma ya zauna.

Damina ta faɗi, hatsin rumbu ya yi ƙasa. Wani Alhaji ɗan canji daga Ɗan Isa ya zo har gida sau biyu yana neman a sayar masa da motar, ya ce ta dace da mai zuwa ɗaurin aure, ba mai jiran fasinja ba. Zulai, matar Illo, ba mai yawan magana ba ce, amma ranar ta yi. Ta ce ita ba ta ga abin da mutum biyu za su rage wa mota mai girman ɗaki ba, ga shi dawa take gauraya wa gero don tuwo ya kai. Illo ya ce ta yi gaskiya a kan tuwon. Ya ce ta ba shi zuwa kaka. In an yanke gero bai koma layi ba, zai kira Alhajin da kansa, amma ba zai zauna a kujerar direba ya ga an nannaɗe tsohuwa kamar tabarma a bayansa ba. Ya ɗauki hauya ya tafi gona yana dafe ƙugu.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da aka yi wa Ɗan Baba aikin ƙaba a Maraɗi. Ranar da aka sallame shi, likita ya ce a kai shi gida a hankali. Matarsa Maryama ta ce a ɗauki mota sukutum. Ya ƙi. Ya ce shi ne Farzidan, shi ya ce shida, ba za a gan shi ya shigo gari shi kaɗai a mota kamar amarya ba. Ya shiga motar layi. Don girmamawa aka ba shi gaba, aka kuma ƙara masa na biyu, tunda haka ƙa'ida take. Kowane rami sai da ya ji shi a wurin ɗinkin. Ya sauka a tasha yana murmushi yana amsa sannu, ya isa gida zanen da aka ɗaura masa ya jiƙe da jini.

Washegari da hantsi Maryama ta zo gindin bedi da kanta, mayafi a karkace. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ɗinki ya buɗe, an duba shi a nan an ce a mayar da shi Maraɗi, a kwance. Ta fara cewa ta san abin da ya wuce tsakaninsu. Illo bai tsaya jin sauran ba, ya ta da mota.

Kujerar baya ta ɗauke Ɗan Baba tun daga kai har ƙafa, sai gwiwa kawai da ya ɗan lanƙwasa. Maryama ta zauna gaba. Illo ya kunna kilim, ya bi hanya a sannu, yana kauce wa ramukan da ya haddace. Sun yi nisa kafin mai jinya ya yi magana.

"Gwamna, tafiya muke ko tsaye muke?"

"Tafiya muke. In ka fi son ta jiya, in tsaya in ƙara maka mutum uku a baya. Akwai wuri bisa cikinka."

Ɗan Baba ya fara dariya, ciwo ya katse shi. Ya kalli rufin motar. Can ya ce a raba rigimar biyu: Illo ya dawo layi, ya ɗauki biyar, shi zai san abin da zai gaya wa direbobi.

"Huɗu," in ji Illo.

"Ina kwance ina jini kana ciniki da ni?"

"Kai kake ciniki. Ni tuƙi nake."

Ya kai shi har ƙofar asibiti, ya tsaya aka sake ɗinki, bayan kwana huɗu ya koma ya ɗauko shi. Bai ta da maganar layi ba, ko sau ɗaya. Zulai ta tambaye shi ko sun shirya, ya ce bai sani ba, shi dai ya kai mara lafiya ya dawo da shi.

Ba a kira taro ba, ba wanda ya zo ba shi haƙuri. Wata safiya dai Ɗanjuma ya biyo ta gindin bedi, ya ce wai a leƙa allo. Illo ya gama goge gilashinsa tukuna. Da ya shiga tasha ya tarar da sunansa a ƙasan jerin, an rubuta 4 babba a gefensa, an zagaye ta da alli. Wasu direbobin suka juya baya, biyu suka amsa sallamarsa. Ya ja mota ya tsaya a bayan ta ƙarshe ya jira layinsa. Sauran har yau shida suke ɗauka, benci kuma har yau yana cika da masu jira, ana ta gunaguni. Alhajin Ɗan Isa ya sake zuwa bayan kaka, Zulai ce ta leƙo ta ce masa maigidan yana hanya.

Ranar da Ɗan Baba zai koma a cire masa zare, ya iso tasha yana takawa a hankali, ya tarar mutum huɗu sun riga sun zauna. Ya kama murfin ƙofar gaba ya ce wa tsohuwar da ke ciki ta ɗan matsa. Ƙofa a kulle. Illo ya sauke gilashi.

"Ta cika, Farzidan. Ka jira in dawo."

Ɗan Baba ya dube shi, ya dubi motar layi da ke bi masa, wadda Ɗanjuma ke cusa wa na biyar. Ya saki ƙofar, ya je benci, ya ce wa masu jira su gyara masa wuri. Motoci uku suka cika suka tashi a gabansa, yana zaune.