Mikail Mai Hoto Na Hausari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Maris 2018, ƙanenka Garzali ya kira ni ya ce motar da ka shiga ta taka nakiya a hanyar dawowa Maiduguri, rai ya yi halinsa tun kafin a kai ka asibiti. Ina cikin aji a lokacin. Ban iya ƙarasa darasin ba.

Malam Mikail, a 2014 na fara saninka, sa'ad da muka gudo daga ƙauyenmu aka sauke mu a wata makaranta a unguwar Jiddari Polo cikin Maiduguri. Masu ɗaukar hoto sun yi ta zuwa, wanda ya fi kuka shi suke nema. Kai kuwa ka yi sallama, ka zauna a tabarma, ka tambayi sunana da sana'ata. Da ka ji malamar firamare ce, ka ce, "Malama Turai, gyara mayafinki. Yadda kike so a gan ki, haka zan ɗauke ki."

Bayan shekara biyu aka ce ƙauyenmu ya yi lafiya, za a mayar da mu. Mun yi roƙo, ba mai saurare. A rediyo har ana cewa abincin kyauta ne ya riƙe mu. Sai ka rufe shagonka na unguwar Hausari, ka bi motar itace ka je ƙauyen ka gano wa idonka. Ka dawo da hotuna: rijiyarmu cike da ƙasa, ɗakin shan magani ba rufi, ajina ciyawa ta kai taga. Jarida ta buga uku. Masu zaginmu suka yi shiru, aka ɗage tafiyar sai da aka haƙa rijiya aka kai tsaro. Wasu suka ce ka kunyata gari, suka daina kiranka aikin biki. Ba ka taɓa faɗa mana ba, a bakin Garzali na ji.

Ranar sadakar uku matarka Rahmat ta zazzage akwatunanka, tana neman hotonka da za ta adana wa 'ya'yanku. Fuskokinmu ne cike a ciki. Naka ɗaya ta samu, na katin zaɓe. Muka zauna muka yi ta kuka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rahmat da yara, da mahaifiyarka Hajiya Yagana, da Garzali. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.