Tsumma a Wuyan Gawo

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Mamman makwancinsa, har yau ban daina jin kunyar gonarsa ta Riko, nan kusa da Jibiya, ba.

Zuwa cin kasuwar Maraɗi ne ya koya masa wata dabara. In ya tarar da kututture ya yi toho, ba ya sarewa. Sai ya rage tohon, ya bar rassa biyu masu ƙarfi, ya ɗaura musu tsumma don kowa ya san da mai su. Mu kuwa a wurinmu gonar kirki ita ce wadda aka share fes. Mun yi masa dariya, ni ne ma kan gaba.

Bazarar da ciwo ya kwantar da shi, na ce bari in yi zumunci. Kwana uku ina sassabe a gonarsa, na tara na cinna wuta, har da tsummokaran. Na je ina washe baki na ba shi labari. Ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, ƙanena. Saiwar dai tana nan." Rashin sani ya fi dare duhu. Bai ga damina ba.

Saiwar kuwa ta sake toho. Na ɗauko tsohuwar rigarsa, duk shekara in yagi ƙyalle in ɗaura. Yanzu gawo da kalgo sun yi inuwa, kuma ko ruwa ya yi fashi geron gonar ba ya saurin yaushi.

To amma da zai leƙo Jibiya yau, anya zai gane ta? Tun da harkar kan iyaka ta ja baya, waɗanda suke lodi da dako suka koma sana'ar gawayi. Har 'ya'yansa sun same ni kan a sayar wa masu gawayi itatuwan. Babban ya ce, "Baba, inuwa za mu ci?" Ban ga laifinsa ba, wallahi, gadonsu ne. Na roƙe su damina ɗaya kawai.

Ni kaɗai nake zuwa gonar. Sa'o'inmu da suka san ma'anar tsumman duk sun riga mu gidan gaskiya, kewa kuwa ba ta raguwa.

Bana na ɗaura wuyan rigar, shi ne abin da ya rage. In sun sare, Yaya, saiwar tana nan, kamar yadda ka faɗa. Mai ɗaura mata tsumma ne ban sani ba.

Allah Ya jiƙanka.