Gorar Dawowa

Ranar Asabar ɗin da Ramla ta hau dutse, ina share garejinmu a Pleasant Garden, garin da muke zaune a Amurka, na ci karo da abin da na cire daga jakarta. Wata shuɗiyar leda ce mai kauri, da siririn tiyo a jikinta. Tun Laraba na ninke ta na ɗora a kan injin wanki, na manta.

Ramla ita ce 'yata ta fari. Tana jami'a, tana zaune da ƙawayenta a Glenwood. Da hutu ya zo ta ce su huɗu za su tafi yammacin Texas su hau wasu fararen duwatsu. Ta zo gida don babanta ya kai ta filin jirgi. Tana wanka na leƙa jakar, na ga ba wani abin kirki na ci. Na cusa kilishi da dambun nama da dabino, zif ya ƙi rufuwa, sai na zaro wannan ledar da na ɗauka ta banza ce.

Da na tsinci ledar ranar Asabar ɗin, na kai wa babanta ita. Ya jujjuya ta, ya ce, "Maman Ramla, ai ta ruwa ce. Goya ta ake yi a baya, ana zuƙa ta tiyon. Muna loda irinta a siton da nake aiki can Wendover."

Na kira wayarta, ba ta shiga ba. Dama ta gaya mana babu sabis sai sun sauko. Ta kuma ce hanyar ba ruwa ko ɗigo, abin da mutum ya ɗauko daga ƙasa shi ne nasa. Gora ɗaya tak na gani a gefen jakar. Na zauna a matakalar gareji, kuma ba wanda ya faɗo mini a rai sai Iya.

Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu. A ƙauyenmu na ƙasar Gombe, inda ake haƙo farin dutsen da ake siminti da shi, ita ce mai wutar gida. Lokacin kaka, in an idar da magariba, sai ta ja 'yan itatuwan da suka rage daga girki zuwa ƙofar ɗakinta, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Tana da wani tsinken ƙarfe da take tona wutar da shi, da shi kuma take nuna wanda ya fara gyangyaɗi. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta tona toka ta ce, "Ga wata ta nuna, wa zai ɗauka?" Mu ce, "Mu ne, Iya, ko da zafi."

Akwai guda ɗaya da ba na so, amma kullum ni nake roƙon a yi ta.

Wai akwai wani gari a gindin farin dutse. Dutsen nan shan ruwa yake yi. Ko ruwan sama ya wuni yana zuba, kafin ka kai hannu ya shige ramuka ya ɓace. Bakin duwatsunsa kaifi gare shi, yana yanka takalmi. Amma a can ƙololuwa akwai zumar da ba irinta. Saboda haka mutanen garin suke da ƙa'ida: mai hawa gora biyu yake ɗauka, ta tafiya da ta dawowa. Ta dawowar uwar mutum ce take cika ta, ta liƙe bakin da kakin zuma. Duk inda ta tafiya ta ƙare, nan ne iyakarka. Ba a fasa kakin sai fuska ta kalli gida.

"Ko da saura taku goma, Iya?" haka nakan tambaya.

"Ko da kina jin ƙamshin zumar, 'yar nan. Dutse bai san taku goma ba."

Wata rana ya da ƙanwa suka hau, Jummai da Talatu. Rana ta take, gorunan tafiya suka ƙare, ga kogon zuma suna hangowa. Talatu ta ce a juya. Jummai ta kasa kunne a bakin wani rami, ta ji ruwa yana gudu a cikin dutse. Ta ce, "Kin ji? Ruwa na gaba." Ta fasa kakin, ta sha, ta wuce. Talatu ta sauko ita kaɗai, 'yan gari suna mata dariya, wai ta je dutse ta dawo da ƙura. Jummai kuwa ta samu zumarta. Ruwan da ta ji yana can ƙasa, inda guga ba ya kaiwa. Ƙishi ya kama ta, ta lashi zuma, ƙishin ya ninka. Ta bi rami rami tana leƙawa tana kira.

A nan Iya takan tono gyaɗa ta hau ɓarewa a hankali, mu kuwa kamar ranmu zai fita.

"Iya, ta dawo?"

"Ni dai ban gan ta ba. Amma in kun sa kunne a ramin farin dutse, za ku ji wata tana magana."

"Talatu fa?"

"Talatu ta tsufa har haƙoranta suka zube. Ita ce kakata, shi ya sa nake da tsoro." Sai ta yi dariya ta watsa wa wutar ƙasa, ta ce, "Wuta ta kwanta, tatsuniya ta bi ta."

Yinin nan a Pleasant Garden ban iya komai ba. Unguwarmu shiru gare ta, gidaje nesa da juna, ba maƙwabciyar da zan leƙa ta katanga in ce mata zo ki ji. Na yi azahar, na daɗe a kan sallaya. Na ɗora shinkafa ta ƙone. Babanta yana ta cewa ai ba yarinya ba ce, za ta lura, amma ina ganinsa yana ɗaga wayarsa yana ajiyewa.

Ba rashin ruwan kaɗai ne ya dame ni ba. Na san 'yar da na raina. Tun tana firamare maganata ɗaya ce gare ta: abin da kika fara ki ƙarasa, ba mu baro gida don mu tsaya a rabin hanya ba. Hadda ta yi mata wuya, na ce ki ƙarasa. Darasin sinadarai ya sa ta kuka, na ce ki ƙarasa. Tatsuniyar Iya kuwa sau ɗaya na taɓa yi mata, tana 'yar shekara shida, ta rufe kunne, cikin Turanci ta ce ba ta so, ban sake ba. Wato na tura ta farin dutse da kilishi mai barkono, da gora ɗaya, da kunnen da ba a taɓa gaya masa juyawa halal ba ce.

La'asar ta wuce. Ina alwalar magariba wayar ta yi ƙara, na fito hannuna na ɗigar ruwa.

"Mama." Muryarta a dashe. "Ban kai sama ba."

"Kina ina? Kin sha ruwa?"

"Ina mota, na sha. Sai da muka zo gindin dutsen da safe na ga jakar ruwana babu, ga shago da nisa. Ƙawata ta ara mini gora, suka zama biyu. Mama, ina ganin saman fa. Ta farko ta ƙare, sai na juyo, ɗaya daga cikin ƙawayena ta rako ni. Ki yi haƙuri, na san kin ce..."

"Wa ya ce ki juyo?"

"Matar nan ta cikin rami mana. Kin san shekara nawa na yi ina mafarkinta?" Ta ja hanci, sai kuma ta yi dariya. "Kuma Mama, kilishi? A cikin wannan ranar? Kashe ni kika so yi?"

Na ce mata ni ce na cire ledar. Ta ce ta sani, don ba wanda zai cusa mata kilishi a jaka sai ni. Na yi hamdala har ban san adadi ba, babanta ya karɓe wayar.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kwaɗayi ce, ana ja mana kunne kada mu zama Jummai. Yanzu tunanina ba ya wuce matar da Iya ba ta taɓa ba ta suna ba, uwar su Jummai, wadda ta cika gorar ta liƙe ta. Ta san 'yarta za ta je inda ba za ta iya bin ta ba. Ba ta ce mata sai kin kawo zuma ba. Abin da ta sa mata a hannu na dawowa ne. Ni kuwa shekara ashirin ina cika wa tawa gorar tafiya.

Da sanyi ya fara shigowa Ramla ta ce za ta koma, ta gwada dutsen kuma. Ban hana ta ba, ban kuma taɓa jakarta ba. Za su fita ita da babanta, ta tsaya a ƙofar kicin ta miƙo mini gora, fanko, tunda ba a shiga jirgi da ruwa. Ta ce, "Wannan ce ta biyun. Yi mata alama."

Ba ni da kakin zuma. Na ɗauko jan zare daga akwatin ɗinki, na yi bisimilla, na naɗa a wuyanta sau uku, na ƙulle.