Igiyar Ƙafar Wando

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da na koma tsohuwar unguwarmu ta Tambuwal a kan keke ba. Shekarar da aka samu mulkin kai ce. Ina koyarwa a Kebbe, shekara shida rabona da unguwar marina inda aka haife ni, don tun da na kwashe mahaifiyata ba mu da kowa a can sai Baba, marinin da ke maƙwabtaka da mu. Shi ya riƙe ni kamar ɗansa bayan rasuwar mahaifina.

Kewa ta dame ni, gaskiya ne. Amma in ba zan yi wa kaina ƙarya ba, sabon keken nan nake so a gani. Na ɗaure ƙafar wandona da igiya don kada sarƙa ta ci, na fito da asuba, ban shiga gari ba sai bayan la'asar.

A wancan zamani, mai keke ba ya wuce dattawa a zaune. Sauka zai yi, ya ja abinsa, ya gaida su. Na san haka sarai. Amma da na hango majalisar gindin tsamiya, sai shaiɗan ya ce mini in zaga unguwa tukuna. Na ƙara wuta, na buga ƙararrawa har sau uku, na wuce fuu! Kai, ƙuruciya dangin hauka.

Zagayen ma bai yi daɗi ba. Rabin rijiyoyin rini an cike su da ƙasa, gidanmu an sauya masa ƙofa, kuma ba wanda ya kira sunana. Na jingine keken a bayan masallaci, na dawo majalisa da ƙafa kamar mutumin kirki.

Sai da na durƙusa gaban Baba na gane idanunsa sun tafi. Da jin muryata ya rungume ni, yana ta murna. Can ya ce, “Ɗana, garin ga ya lalace. Yanzun ga wani marar kunya ya wuce mu bisa keke, har da buga muna ƙararrawa. Na ce masu, wallahi ba mu munka haife shi ba.”

Sauran dattawan suka zuba mini ido, don su sun gan ni. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. In faɗa, in zubar da mutuncina a wurinsa. In yi shiru, na ci amanar makaho. Ina cikin wannan, hannunsa mai shuɗin rini yana shafa ni, kafaɗa, gwiwa, har ya sauka kan igiyar. Na manta ban kwance ta ba.

Ya daɗe hannunsa yana wurin. Sannan ya kwance ta a hankali, ya sa mini a tafin hannu.

“Ina ka aje shi?”

“Bayan masallaci, Baba. Ka yafe mini.”

“Ɗauko shi in taɓa.”

Na kawo. Ya shafa sirdi, ya lalubi ƙararrawa ya buga, ya yi dariya. Ya ce, “Yana da kyau. To ja shi, ni in riƙa nan, mu tai ka gaida mutane.”

Haka muka bi unguwar gida gida, yana riƙe da sirdi ina jan ƙahon keken. Tsofaffin da na wuce ɗazu suna ta fitowa, wata har da kuka, tana tambayar mahaifiyata. Ashe unguwata tana nan, ni ne na wuce ta da gudu.

Baba bai ga damina ta gaba ba. Keken ya daɗe da zama tarkace, igiyar kuwa tana cikin akwatina. Tun daga ranar na koyi cewa inda aka san ka da rarrafe, da ƙafa ake shigarsa.